Gonata rairayi ce, ko in ninka takin zamani?

Tambaya: Gonata jigawa ce, rairayi zalla. Bara na zuba takin zamani tun a shuka, amma da ruwan Agusta ya kankama sai ganyen gero ya koma ruwan ɗorawa, zangarniya ta fito ƙanana. Mai shagon taki ya ce in ninka bana. Sai na ci bashi zan iya, kuma hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Malam, kada ka ci wannan bashin. Ba ƙarancin buhu ne ya cuce ka ba, ƙasar ce ba ta riƙo. Rairayi ba shi da laka ko ruɓaɓɓen ganyen da zai kama abincin shuka. Yuriya, wato farin takin zamani, tana narkewa nan take, ruwan sama mai ƙarfi ya gangara da ita inda saiwa ba ta kaiwa, tamkar zuba ruwa a kwando.

Wannan maganar ta "ninka" kullum muna jin ta, kuma tana ci mini rai, domin mai faɗin ta shi ke sayar da buhun. In ka ninka, asararka ka ninka. Yuriya mai yawa shekara da shekaru tana sa ƙasa tsami, kuma rairayi ya fi saurin kamuwa. In ta taɓa iri aka kuma yi ɗan fari, tsiron ƙonewa yake yi. Gona ta gaji, manomi ya ƙaro buhu, bashi ya hau kansa.

Gyaran yana wajen takin gida wanda ya ruɓe sosai, ba ɗanye ba. In ba zai ishi gonar duka ba, kada ka watsa. Haƙa ramuka tun da rani, faɗin tsawon tafin ƙafa ɗaya, zurfin santimita 15, kamar tassa da ake yi a Nijar, ka zuba cikin tafi biyu a kowane. Takin zamani na NPK kuwa, wato kamfa, cikin murfin kwalbar lemo, wajen giram 6, ya ishi rami guda, a gefen iri. Yuriya a raba ta biyu, mako 3 da mako 6 bayan tsiro, a binne ta da danshi.

Daina ƙona kara, shimfiɗa shi ya tare iska da zafin rana. Sa wake ko gyaɗa tsakanin gero. In makiyaya za su kwana da shanu a gonarka bayan girbi, ku daidaita. Gawo kuma kada gatari ya taɓa shi: da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa. Manoman Maradi da Damagaram da barin irin waɗannan itatuwa suka farfaɗo da gonakinsu. Sai dai ka ba aikin damina uku ko huɗu kafin ƙasar ta fara duhu.