Me ya sa marubutan gasar 1933 ba su ci gaba da ƙaga labari ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a sashen Hausa. Na lura cikin mutum biyar da aka buga littattafansu bayan gasar ƙaga labaran Hausa ta 1933, Abubakar Imam kaɗai ake jin ya ci gaba da rubutu. Sauran basira ce ta ƙare musu, ko me ya faru?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Basira ba ta ƙare ba. A lokacin, ƙaga labari bai zama sana'ar da mutum zai ci abinci da ita ba, kuma in kin bi yadda aka samar da littattafan za ki ga dalili.

Gasar ba marubuta suka nema ba. Dakta Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ne ya zagaya lardunan Arewa yana roƙon malamai su rubuta labarai da boko, saboda yara suna koyon karatu a makarantun gwamnati amma babu abin da za su karanta don nishaɗi. Ya sha wahala kafin su yarda, domin a wurin malamin wancan zamani rubutu na ilimi ne da wa'azi da tarihi, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce da dare. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East.

To, kasuwa fa? Mai bugawa ɗaya ne, wato hukuma, babban mai saye shi ne makaranta. Masu karanta boko ba su da yawa, akasarin masu ilimi ajami da Larabci suka iya. Da an cike buƙatar ɗaliban makarantun Midil, babu mai zuwa ya ce wa marubuci kawo na biyu.

Su kansu marubutan suna da aikinsu. Ɓalewa, wanda aka haifa a 1912, malamin makaranta ne a Bauchi, siyasa ta ɗauke shi har ya zama Firayim Minista a 1957, aka kashe shi a Janairun 1966. Bello Kagara, yayan Imam, ya koyar a Kwalejin Katsina, daga baya ya koma alƙalanci da sarautar Walin Katsina. Arewa na ƙarancin 'yan boko, duk wanda ya nuna ya iya alƙalami sai aikin hukuma ko na En'e ya haɗiye shi.

Imam ya bambanta ne saboda shi rubutun aka mai da masa aikin albashi. An haife shi a Kagara a 1911, yana ɗan shekara 22 yana koyarwa a Midil ta Katsina ya shiga gasar. East ya ga hannunsa, ya sa aka aro shi zuwa Zariya a 1936. Aka ba shi masauki, aka tara masa littattafai, irin su Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da na Indiya, ya zauna wajen wata shida yana zaɓa yana sake musu riga irin ta Hausa, East yana dubawa. Haka Magana Jari Ce ta samu, juzu'i uku. A Janairun 1939 aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya zama editanta. Amma ki lura da abin da ɗalibai kan tsallake: shi ma daga nan ƙarfinsa ya karkata ga jarida, tarihi, addini da labarin tafiya, kamar Tafiya Mabuɗin Ilmi da ya rubuta bayan zuwansa Ingila a 1943. A ganina, ko Imam ɗin ba a ce ya rayu da ƙagaggen labari ba. Ya rasu a 1981.

Wannan ba ciwon Hausa kaɗai ba ne. Chinua Achebe yana aikin rediyo a Legas ya fitar da littafinsa na farko a 1958, Najib Mahfuz na Masar kuwa ma'aikacin gwamnati ne har ya yi ritaya a 1971.

A nan gida abin ya ci gaba da rataya a wuyan hukuma ɗaya: Kamfanin Gaskiya daga 1945, hukumar adabi ta Jihar Arewa (NORLA) a shekarun 1950, sai kamfanin buga littattafai na Arewa (NNPC) daga 1966. In ta buɗe gasa a samu littattafai, kamar So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da ya fito a 1980, in ta yi shiru a yi shiru. Sai a tsakiyar shekarun 1980 marubutan Kano da Kaduna suka fara biyan maɗaba'a da kuɗinsu suna kai wa 'yan kasuwa, sannan aka fara ganin mutum ɗaya da littattafai goma ko fiye.