Yadda ake auna mulki a ƙasa mai rauni

Malam, ka tambaya ta yaya masu bincike ke auna shugabanci a ƙasar da gwamnati ba ta da iko da duk faɗinta. Ma'auni biyu aka fi ambata. Bankin Duniya yana da nasa tun 1996, mai duba abubuwa shida, ciki har da bin doka, yaƙi da cin hanci da damar jama'a ta faɗin albarkacin bakinsu. Ƙungiyar Fund for Peace kuma tana jera ƙasashe masu rauni kowace shekara tun 2005.

Sai dai ni ban cika sakin jiki da su ba. Kaso mai yawa na alƙaluman daga ra'ayin masana da 'yan kasuwa ake tattaro shi, talakan karkara bai cika shiga lissafi ba. Shi ya sa na fi ganin ƙimar aikin Afrobarometer, cibiyar binciken ra'ayin jama'a a Afirka, wadda tun 1999 take bi gida-gida tana tambayar mutane da bakinsu.

Dubi Somaliya. Gwamnatin tsakiya ta rushe a 1991, a takarda kuwa sai ka ce babu hukuma ko kaɗan. Amma a Somaliland, yankin arewacin Somaliya da ya ayyana ɓallewa, dattawan ƙabilu suka zauna a garin Borama a 1993, suka sasanta, har majalisar dattawa ta Guurti ta samu gurbi a tsarin mulkinsu. Don haka idan za ka yi bincike, fara da tambayar wa mutane ke kai wa ƙara idan rigimar gona ko bashi ta taso: alƙali, basarake, malami, ko mai bindiga.