Amsa kan horon binciken giya da HIV

Malama, kin tambaya ko horon bincike bayan digirin digirgir kan shan giya da rigakafin HIV zai yi amfani a Sakkwato, inda ba a sha a fili. Wallahi zai yi. A asibiti na ga magidanci yana rantsuwa bai taɓa sha ba, alhali maye ya sa ya tsallake maganin ARV mai rage ƙarfin HIV kwana uku. Wannan ɓoyon shi ne abin bincike.

Ki ƙware a AUDIT, tambayoyi 10 na Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) don gano matsalar shan giya, ki tsara su da Hausar da ba ta kunyata mutum. Game da kuɗin horon kuwa, tallafin T32 na NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, sai 'yan Amurka ko masu izinin zama na dindindin a can. Ki nemi gurbi a shirin horo na D43 na Fogarty, cibiyar NIH mai kula da binciken lafiya na ƙasa da ƙasa, don ƙasashe irin namu aka tanade shi.