Me Ya Sa Wata Na'urar Wasan Bidiyo Ke Samun Kasuwa, Wata Kuma Ta Yi Kwantai?

Tambaya: Malam, ana yawan yabon Dreamcast ta kamfanin Sega, amma ba ta yi tsawon rai ba, alhali PlayStation 2 ta kamfanin Sony ta cika duniya. Shin ƙarfin na'ura ne ke sa ta karɓu?

Amsa: Ƙarfi yana da nasa amfani, amma a ganina wasannin da ke kan na'ura su ne ke sayar da ita. Masu ƙirƙirar wasa ba sa zuba dukiyarsu a kan na'urar da mutane ƙalilan suka mallaka, masu saye kuma ba sa ɗaukar na'urar da babu abin bugawa a kanta. Saboda haka wadda ta riga tara jama'a sai ta yi ta jawo sababbin wasanni, ɗayar kuwa kullum sai baya take yi.

Dreamcast ta fito a Japan a 1998, har da abin haɗawa da intanet a jikinta, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Sai dai Sega ta riga ta ɓata rawarta da tsalle. A 1995 ta fitar da Saturn, na'urarta da ta gabaci Dreamcast, a Amurka ba zato ba tsammani a kan dala 399, ta fusata 'yan kasuwar da ba a ba su kaya ba, Sony kuwa ta sanar da cewa PlayStation dala 299 ce. Wannan tabon ya bi Sega, har kamfanin Electronic Arts, mai shahararrun wasannin ƙwallo, ya ƙi yi wa Dreamcast wasa ko ɗaya. Da PlayStation 2 ta zo a 2000, tana kunna faifan DVD, tana kuma karɓar wasannin PlayStation ta farko, wato mai saye ya samu na'urar kallo da ta wasa a kuɗi ɗaya ba tare da ya yi asarar tsofaffin faya-fayansa ba. A 2001 Sega ta daina ƙera Dreamcast bayan ta sayar da kimanin miliyan 9, PlayStation 2 kuwa ta haura miliyan 150. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin Dreamcast ba ta cancanci wannan ƙarshe ba.

Misalin da ya fi nuna iyakar ƙarfi shi ne Game Boy ta 1989, ƙaramar na'urar hannu ta kamfanin Nintendo. Allonta ba shi da launi, amma batir huɗu kan kai ta sa'o'i da yawa, ga kuma wasan Tetris. Game Gear ta Sega mai launi tana cinye batir shida cikin 'yan sa'o'i, kuma yaron da ke cikin mota a doguwar tafiya ya san wadda za ta raka shi har ƙarshe.

Akwai kuma batun fahimta. Wii da Nintendo ta fitar a 2006 ta wuce miliyan 100 domin ko dattijo ya ga ana lilo da abin sarrafawa kamar sandar tanis ya gane yadda ake yi. Magajiyarta Wii U ta 2012, mai allo a jikin abin sarrafawarta, ta tsaya a kimanin miliyan 13 da rabi, domin da yawa sun ɗauka wani ƙarin kaya ne na tsohuwar Wii, wasannin wasu kamfanoni kuma suka yi ƙaranci a kanta. Nintendo ta gyara wannan tunani na allo a hannu ta fito da Switch a 2017, wadda tallarta ta farko ta nuna mutum yana zare ta daga gaban talabijin ya fita da ita yana ci gaba da wasansa.