Hoto Ɗaya Ya Nuna Ramuka A Ƙashin Mahaifina, Ɗayan Bai Nuna Komai Ba

Tambaya: Salamu alaikum likita. Mahaifina ɗan shekara 58 ya daɗe yana fama da ciwon baya da yawan ƙishirwa. Hoton eksire ya nuna ramuka a ƙoƙon kansa, aka ce mana mayaloma ce, wato sankarar ɓargo. Daga baya aka ce a'a, wata sankarar jini ce mai suna ATLL. Da aka yi masa hoton ƙashi irin wanda ake fara yin allura, sai bai nuna komai ba. Wanne za mu ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya. Babu wanda ya yi muku ƙarya cikin hotunan nan, abin da kowannensu ke dubawa ne ya bambanta.

Ƙashi kullum cikin aiki yake, wasu ƙwayoyin halitta na rushe tsohonsa, wasu na gina sabo. ATLL takan fitar da sinadarai da ke ingiza masu rushewar su yi ta cin ƙashi, masu ginin kuwa ba sa iya biyo su. Eksire yana ganin gurbin da aka cinye, kamar inda gara ta ci azara. Allurar da ake yi kafin hoton ƙashi kuwa, sinadarin cikinta yana taruwa ne inda ake gina sabon ƙashi. Inda rushewa ta yi yawa ba gini, hoton na iya fitowa tas alhali ɓarnar na nan. Haka ma yake faruwa a mayaloma, shi ya sa ban ga laifin wanda ya fara zaton ita ce ba, ramukan cututtukan biyu sun yi kama ƙwarai.

Ni dai a irin wannan hali na fi natsuwa da hoton CT don ganin girman ramukan da haɗarin karaya, sai MRI ga ƙashin baya, domin yana nuna ɓargo da kuma ko wani abu na danne lakar. Hoton PET-CT ma na da amfani in ana da halin yin sa. Amma hoto ba ya faɗin sunan cuta. Jini ne ke raba gardama: gwajin ƙwayar cutar HTLV-1, wadda ita ke haddasa ATLL, da duba fararen ƙwayoyin jini, waɗanda a wannan cuta tsakiyarsu kan yi siffar fure. Likitocin Japan ne suka fara bayyana ATLL a 1977, ƙwayar kuma tana nan a kudancin Japan, yankin Karibiyan da Afirka ta Yamma. Kaɗan ne daga masu ɗauke da ita ke kamuwa da sankarar, kuma bayan shekaru masu yawa.

Ƙishirwar nan ta fi hotunan tayar mini da hankali. Ƙashin da ke narkewa yana zuba kalsiyam cikin jini, wanda ke kawo ƙishirwa, yawan fitsari, taurin ciki da ruɗewa, har ya taɓa ƙoda. Ku roƙi a auna kalsiyam ɗinsa yanzu. In ya hau, ƙarin ruwa ta jijiya da allurar zoledironet kan sauko da shi. Idan Baba ya fara sambatu, ko ƙafafunsa suka yi rauni, ko fitsari ya riƙe, ku kai shi asibiti a ranar, kada ku jira ranar ganin likita.