Littafin ɗan wasa daban, na mai koyarwa daban

Ɗana, jiya muna naɗe kaya a filin wasa na Tafawa Balewa ka tambaye ni littafin koyar da wasan takobi da za ka nema, tunda na fara bar maka ƙananan yara ranar Asabar. Na ce ka bari in sha ruwa tukuna, don ba amsar tsaye ba ce.

Littattafan wasan takobi ba su da wuyar samu a intanet, amma yawancinsu da ɗan wasa suke magana: tsaya haka, miƙa hannu, zabura. Wannan kuwa ka riga ka iya. Abin da ya rage maka shi ne tsayawa gaban yaro da rigar kariya a ƙirji, ka buɗe masa ƙofar da zai taɓa ka da gangan, ka san lokacin da za ka rufe ta. To duk littafin da ya zo hannunka, buɗe inda ya yi bayanin zabura. In ya gaya maka inda takobin malam zai kasance, da tazarar da zai bari, da abin da zai yi idan ƙafar yaro ta riga hannunsa fita, to naka ne. In kuwa hotunan zakaru kawai ka tarar, mayar wa mai shi.

Guda biyu ne na yarda da su. Na farko na László Szabó, mutumin Hangari, mai suna Fencing and the Master. Da malami yake magana: yadda ake jera darasi, yadda ake gyara kuskure, yadda ake tafiyar da yara da yawa a lokaci ɗaya. Wannan na ƙarshe shi ya fi damun mu, domin mu a nan yara sun fi hulunan raga na kare fuska yawa nesa ba kusa ba. Na biyu na Zbigniew Czajkowski ne, ɗan Folan, Understanding Fencing. Likita ne shi, kuma ɗalibinsa Egon Franke ya ci zinariya a Olamfik ta Tokiyo a 1964. Littafinsa yana da nauyi, ya fi shiga yadda ɗan wasa ke gani ya yanke shawara cikin ƙiftawar ido. Kada ka fara da shi. Sai ka shekara kana koyarwa, sannan za ka gane da wa yake.

Amma kafin ka kashe ko sisi, sauke dokokin hukumar wasan ta duniya, FIE, wadda aka kafa a Faris a 1913. Kyauta ne a shafinsu, da Turanci da Faransanci. A nan za ka tabbatar da abin da kake faɗa wa yara da ka: tsawon fili mita 14, a cikin takubban wasan iri uku, a foyil gangar jiki kawai ake nema, a efe ko'ina har yatsan ƙafa, a sabar daga ƙugu zuwa sama, zagayen farko taɓi 5 cikin minti 3, na fitar da gwani taɓi 15. Dokokin nan suna canzawa, littafi kuwa yadda aka buga shi haka zai zauna. Ni na sha wannan. Na taɓa sayen wani tsohon littafi wajen masu shimfiɗa a bakin titi, bangonsa ma babu, na yi ta koya wa yaran sabar su afka da gudu, ƙafar baya tana wuce ta gaba. Ashe an daɗe da hana wannan a sabar. Sai da muka je gasa alkali ya ɗaga wa yarona kati, yaron ya juyo yana kallona. Har yau in na tuna sai in ji kunya. Saboda haka duba shekarar bugu. Tsohon littafi yana da amfani wajen aikin ƙafa da riƙon makami, amma ba a ɗaukar doka daga gare shi.

Kalmomin Faransanci za su ɗan dame ka, don da shi ake alkalanci a gasar duniya. Ka samu ɗan littafin rubutu, kowace kalma ka sa mata Hausarta: karewa, ramuwa, tazara, yaudara. Yaron da ya fito daga Yalwa ko Wunti zai fi saurin kama "kare ka rama" a kan wani dogon suna.

Akwai kuma abin da takarda ba za ta ba ka ba, wato nauyin hannu. Yadda za ka danna takobin yaro kaɗan har ya ji ya amsa, sai an yi maka a naka hannun. Shi ya sa nake so duk babin da ka karanta ka zo mu gwada, ni in zama ɗalibi, in yi maka kuskuren da yara ke yi. Bidiyon YouTube ma ka kalla, amma idonka ya tsaya kan malamin, ba kan ɗalibin ba.

Na Szabó yana wajena, zan kawo maka aro, kada ka ninke mini shafi. Ranar Asabar ka zo ƙarfe shida da rabi kafin rana ta yi zafi, da alli da abin awo. Makonni biyun farko babu mai taɓa takobi, ƙafa kawai. Hular nan da ragarta ta lotsa kuma ka ware ta gefe, kada ka sa wa kowa sai na duba ta.