Okid na daji a filin da za a yi gini, za a iya ceto su?

Malam ka ce katafila za ta shiga filin bayan unguwarku a Jos wata mai zuwa, kuma akwai furannin okid na daji da kake so ka kwashe. Eh ana iya yi, amma gaskiya da yawa ba sa kamawa, ni kaina na kashe guda uku da farko saboda na wanke saiwar tas da ruwa wai tsafta.

Nau'in okid irin su Eulophia suna da 'ya'ya a ƙasa kamar dankali, kuma rayuwarsu a haɗe take da wani naman gwari na cikin ƙasar wurin da ido ba ya gani, shi ya sa in ka raba su da ƙasarsu sai su lalace. Fara neman izinin mai fili tukuna. Ka kafa tsinke a gindinsu tun furen na nan, in ya bushe wallahi ba za ka gane wurin ba. Ka haƙa nesa da gindin, ka ɗago da ƙasar ɗungurungum, ka dasa a ranar inda inuwa da danshi suka yi kama da na can. Ban da kashin kaji ko NPK, ban da yawan ruwa, ruɓewa suke.

Ka ɗauki hoton furen ka kai sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Jos su duba nau'in. Fitar da su ƙasar waje kuwa sai da takardar izinin CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin daji.